Ni da Yaya a Kan Lamba Goma

Babanmu, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa saya wa ɗayanmu abu ya bar ɗaya ba. Mu biyu ne maza a gidan, ni da Yaya, shekara huɗu ce tsakaninmu, amma in Sallah ta zo yadi ɗaya ake yanko mana, tela ɗaya ya ɗinka, har aljihu wuri ɗaya. Fartanya iri ɗaya, keke iri ɗaya. Ranar da Yaya ya fasa fitilar kekensa, Baba kwance tawa ya yi ya ajiye, wai kada wani ya ga an fi shi. A haka muka tashi, a haka muka yi aure, kowa da sashensa a gida ɗaya, gona ɗaya muke nomawa, kuma kullum bayan magariba kwano ɗaya ake fito mana da shi zaure. Da Baba ya rasu, mutanen gari suka zuba ido su ga ranar da za mu raba gandu mu ja katanga a tsakar gida, kamar yadda aka yi a gidaje da yawa. Shekara uku ba mu ba su abin kallo ba. Abin da ya kusa ba su, wallahi har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni, wata 'yar lamba ce a cikin kwamfuta.

Ƙauyenmu yana gefen hanyar Minjibir. Yaya ya buɗe shago a jikin zaurenmu, ƙofarsa na kallon titi, yana buga wa mutane katin gayyata da wasiƙu, yana cike musu fom. Akwai kwamfutar tebur, akwai firinta, akwai sola a kan rufi, sai wani ɗan farin akwati mai fitilu da ake kira rauta, wanda yake jawo intanet ya rarraba wa duk na'urorin gidan. Wani injiniya ne daga Kano ya zo ya haɗa su. Da zai tafi ya rubuta wasu lambobi layi huɗu a bayan kwalin sabulu, ya manna a bango, ya ce kada wanda ya taɓa.

Ni kuwa malamin lissafi ne a firamare. A shekarar na shiga ƙarin karatu irin wanda ake yi daga gida ta intanet, don haka na shiga Kano na sayo laftof ta hannu. Na kawo ta gida da ɗoki, Yaya da kansa ya ba ni kalmar sirrin rauta, ta nuna ta kama, amma ko shafi ɗaya ta ƙi buɗewa. Wayata tana aiki, ta Yaya tana aiki, ta matata ma da ta sha faɗuwa a ruwa tana aiki, sai wannan baƙuwa da na fi kowa buƙata.

A makarantarmu akwai wata malama mai koyar da kwamfuta, mace mai haƙuri amma mai saurin magana. Na kai mata. Ta ɗan latsa nan da can ta ce ai matsalar ba wata babba ba ce. Ta bayyana mini cewa duk na'urar da ke kan rauta ɗaya tana da lambar da ake gane ta da ita, ana ce mata adireshin IP, kuma laftof ɗina ta zo da lambobin ofishin da ta yi aiki a da, an sa mata su da hannu. Da na ba ta labarin kwalin sabulu, ta ce tunda injiniyanmu ma da hannu ya tsara na shago saboda firinta, sai in bi tsarinsa. Ta nuna mini inda ake shiga sau biyu, na rubuta matakan a bayan rajista. Sannan ta ce, kuma na ji ta da kunnena, ba zan yi mata ƙarya ba:

"Malam, ka kwafe layukan nan huɗu yadda suke. Amma lambar ƙarshe ta layin farko, ka sa wata daban."

Na ce to. Ban tambaye ta dalili ba, don ina jin nauyin a ce malamin lissafi yana tambaya a kan lamba. A makon nan ta tafi hutun haihuwa.

Da yamma bayan Yaya ya rufe shago na karɓi makulli na shiga, na tsaya gaban kwalin. Layin farko ya ƙare da goma. Na buga komai, na zo kan gurbin ƙarshe, sai hannuna ya tsaya. In na sa sha ɗaya, na ɗora kaina sama da Yaya ke nan, a cikin kayansa, a kan abin da ya kafa da guminsa. In na sa tara, na shiga gabansa a layi, wata ƙila ma intanet ɗin ta riƙa fara biyowa ta wajena kafin ta kai masa. Na yi tunanin hamsin, na ga ai wannan fitsara ce ƙarara. Na yi tunanin biyu, na ji tsoron kada a ba ni ɗan guntun da ba zai ja karatuna ba. Ko'ina na juya sai in ga ko na zalunce shi ko na zalunci kaina. Can sai na tuna Baba da fitilar keke, zuciyata ta yi sanyi, na ce ita Malama ba ta san gidanmu ba. Na buga goma.

Nan take shafi ya buɗe. Na yi hamdala, har na ɗan raina wa Malama wayo a raina.

Washegari ina makaranta da laftof a jaka, shago ya yi aikinsa lafiya lau. Na dawo bayan azahar na kunna, ta ƙi. Wani ɗan rubutu na Turanci ya fito a gefe, na karanta shi a hankali, yana cewa akwai wata kwamfuta a nan mai adireshi iri ɗaya da tawa. Na ce to madalla, ai abin da na yi ke nan da gangan, na danna shi ya tafi. Ban ga abin damuwa a ciki ba, ni a wajena shaida ce cewa na kwafa daidai. Na yi ta kashewa ina kunnawa har la'asar sakaliya. Yaya na rufe shago, na sake gwadawa, sai ga ta tana gudu kamar ba ita ba.

Haka aka yi kwana huɗu, sai ga Asabar, ranar da kasuwar garinmu take ci, ranar da shagon Yaya yake cika. Ni kuma ba makaranta. Daga sallar asuba na kunna laftof, na sa ta tana sauko mini da darussa, na tafi gona. Da hantsi Yaya ya buɗe shago, kwamfutarsa ta ƙi ganin intanet, ta ƙi ganin firinta da ke gefenta taku ɗaya. Wani dattijo ya taho daga ƙauyen gaba da sunayen da za a buga a katin bikin ɗansa, ya zauna a benci har azahar, daga ƙarshe ya naɗe takardarsa ya hau mota zuwa Minjibir. Da na dawo na tarar da Yaya gumi ya jiƙa masa riga. Na taya shi jajantawa da zuciya ɗaya, har na taimaka masa muka ciro rauta muka ɗaure ta a reshen darbejiyar ƙofar gida, ko za ta fi shan iska.

Mun zargi abubuwa da yawa a watan nan. Mun zargi hadari, alhali damina ta wuce. Mun zargi batirin sola. Matar Yaya ta ce tun da aka kafa injin niƙa a bayan gida abin ya fara. Inna, mahaifiyarmu, ta ce akwatin ne yake shan zafi, ta ɗinka masa 'yar riga da ragowar atamfa. Ni da kaina na zana jadawali a takarda, ranaku a gefe, awoyi a sama, ina sa alama duk lokacin da tawa ta ƙi. Jadawalin ya nuna mini abu ɗaya tsaf: tawa ba ta aiki sai Yaya ya rufe shago. Maimakon in tuna goma, sai shaiɗan ya raɗa mini cewa Yaya ne yake toshe ni da rana don kada in rage masa gudu. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Ashe shi ma yana can yana nasa lissafin ba takarda, ya lura tasa ba ta mutuwa sai ranar da nake gida.

A gidanmu ƙane ba ya tsare yayansa da tuhuma, yaya ma ba ya zubar da girmansa ya tsaya cacar baki da ƙane. Magana mai nauyi ta wajen Inna take bi. To ka ji inda abin ya ƙara dagulewa. Na je na ce mata ta roƙar mini Yaya ya riƙa sakar mini layi ko na awa ɗaya ne da rana. Ta je ta ce masa Auta ya ce ka riƙe masa waya, ka sake ta. Shi kuma ya ce ta gaya mini in daina shiga masa aiki ranar kasuwa. Ta dawo ta ce yayanka ya ce kada ka ƙara shiga shagonsa. Ni ban gane saƙonsa ba, shi bai gane nawa ba, ita kuma baiwar Allah ba ta gane ko ɗaya ba, tana dai kai da kawowa da carbi a hannu. Da magariba mu zauna gaban kwano ɗaya, mu yi hirar farashin taki da ta awaki, kowa da abinsa a ciki.

Yaya ya kira injiniyan nan ya sake zuwa. Ya zo ran Talata da safe, ina makaranta, laftof tana jakata. Ya duba komai ya ga lafiya ƙalau, ya kwance wa rauta rigar Inna, ya sauko da ita daga bishiya yana dariya. Da Yaya ya ba shi labarin Asabar, sai ya ce to lalle akwai wanda yake shigo maka, ya canza kalmar sirri ya tafi. Ba wanda ya ambata masa laftof ɗina, don a tunaninmu ita ma mara lafiya ce, ba mai laifi ba.

Yaya bai ba ni sabuwar kalmar ba. Asabar ɗin nan shago ya yi aiki tun safe har yamma ba ko tari. Ni kuma aikin makaranta ya taru mini, ina ta fama da 'yar wayata. Inna ta sa baki, ta yi masa maganar zumunci har da hawaye, ya rubuta kalmar a takarda ya ba ta ta kawo mini. Asabar ta zagayo, na kunna bayan asuba na tafi gona. Shago ya mutu.

Daga ranar ba sauran shakka a zuciyar Yaya, kuma in gaskiya za a bi, ko ni ne shi abin da zan ɗauka ke nan. Da magariba na fito zaure na ga kwano biyu. Matata ta ce daga sashen Yaya aka aiko cewa kowace ta riƙa zuba wa mijinta. Na zauna na ci nawa, ya zauna ya ci nasa, tabarma ɗaya, ba wanda ya kalli wani. Ina jin haushi, ina jin tsoro, kuma abin da ya fi damuna shi ne ban san laifin da na yi ba, ban kuma tabbata ban yi ba.

Bayan an gama ɗaurin dawa sai na ga an kawo jar ƙasa an zube a bayan gida, an fara buga tubali. Ban tambaya ba, ba a gaya mini ba. Wata safiya magini ya shigo ya ja igiya daga jikin rumbu zuwa bakin rijiya, ta ratsa tsakar gida biyu. Inna ta fito daga ɗakinta ta tsaya tana kallon igiyar, sannan ta tambayi maginin, ba mu ba, ita a wane ɓangare za ta kasance. Ya sunkuyar da kai ya ce shi aiki aka ba shi. Maƙwabta suka fara leƙowa da sunan gaisuwa. Cikin kwana uku katanga ta kai gwiwa.

A makon ne Malama ta dawo aiki. Muna zaune a ofishin malamai ana yi mata barka, ta tambaye ni yaya laftof. Na ce tana nan tana raba ni da ɗan'uwana. Na ba ta labari tun daga darbejiya har igiya, na ciro jadawalina na nuna mata. Ta duba shi ba ta fi minti ɗaya ba, ta ɗago ta tambaye ni nawa na sa a ƙarshen layin farko.

Na ce, "Goma."

"Ta shagon fa?"

"Goma."

Ta ajiye takardar ta dafe kai. Ta tambaye ni ko ba ta ce in sa wata daban ba. Na ce ta ce, na kuma shiga yi mata bayanin sha ɗaya da tara da girman na gaba. Ina cikin bayanin ina jin yadda yake fita daga bakina kamar zancen mai zazzaɓi. Ba ta yi dariya ba, Allah Ya saka mata, ko da yake na ga tana cije leɓe. Ta ce rauta ba ta san yaya ba, ba ta san ƙane ba, babbar lamba ba ta fi ƙarama samun komai ba. Abin da ta sani kawai, in na'ura biyu suka zo da lamba ɗaya, wadda ta riga kunnuwa ta riƙe, ta biyun ta zauna a waje. Ta ce kamar yara biyu ne a aji na ba su lamba ɗaya a rajista, in na kira dole ɗaya ya rasa. Wannan kam na gane shi. Wata uku ina riga Yaya tashi ranar Asabar ina ƙwace masa shago, ina kuma zuwa in taya shi jaje.

Ban bi ta wajen Inna ba a wannan karon. Daga makaranta na wuce shago kai tsaye da jakata, abin da na yi wata guda ban yi ba. Yaya yana zaune shi kaɗai yana yanke katuna. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Na durƙusa a gefen tebur na buɗe laftof, na nuna masa gomata, na nuna masa gomarsa a kwalin sabulu, na faɗa masa duk abin da Malama ta ce. Na tabbata rabin bayanin bai shige shi ba, don ni ma da nake yi a cakuɗe yake fita. Ya dai gane abu ɗaya, cewa ni na sa lambar da hannuna bayan an ce kada in sa. Ya tambaye ni don me.

Na ce, "Na ji tsoron in sa wadda ta fi taka ne, Yaya. Ko wadda za ta shiga gabanka."

Ya ajiye almakashi. Ni ina jiran faɗa, na ma shirya masa, don na ci a ce an zage ni. Da ya buɗe baki muryarsa a ƙasa take.

"Ni na ɗauka ka gaji da zama da ni ne, kunya ta hana ka faɗa. Shi ya sa na ce bari in sauƙaƙa maka."

Na juya masa laftof ɗin, na goge goma, gurbin ya zauna fanko, na ce ya faɗi abin da zan sa. Ya dube ni kamar yau ya fara ganina, ya ce kai da kake koya wa yara ƙirga, me ke bin goma? Na ce sha ɗaya. Ya ce to ai kai ne ke bi na, sa mana.

Na buga sha ɗaya. Wata uku da suka wuce a gurbin nan na ga lambar a saman Yaya, yanzu kuma ga ta a bayansa, lamba ɗaya ce ba ta canza ba, kuma har yau ban san yadda aka yi ban gan ta haka tun farko ba. Ya kunna tasa, na kunna tawa, muka zauna muna kallon su kamar masu jiran akuya ta haihu. Shafi ya buɗe a nan, ya buɗe a can. Ya aika takarda firinta ta fitar. Bai yarda ba, ya kashe ya sake kunnawa sau uku, ya sa ni ma na yi. Sannan ya ɗauki biro ya ƙara layi a ƙasan kwalin sabulu, ya rubuta sha ɗaya, ya rubuta Auta a gefenta.

Maginin bai dawo washegari ba, ban san abin da aka gaya masa ba. Katangar kuma ba a rushe ta ba, don rushewa sai an yi maganarta, mu kuwa ba mu taɓa yi ba. Tana nan iya gwiwa daga rumbu zuwa rijiya, kowa sai ya ɗaga ƙafa in zai je ɗiban ruwa, Inna tana shanya kuɓewa a kanta. Duk baƙon da ya tambaya, Yaya cewa yake saboda kaji aka yi.

A ranar da magariba na riga shi fitowa zaure, na zauna ina sauraren motsin cikin gida. Matata ta kawo kwanona ta ajiye, matar Yaya ta aiko da nasa, don ba wanda ya sanar da su komai. Yaya ya fito ya zauna, ya dubi kwanukan biyu. Sai ya ɗauki nawa ya juye tuwon a cikin nasa, ya kife wanda ya zama fanko a gefe, ya turo mai tuwon tsakiyar tabarma, ya ce in sa hannu kafin ya huce.